Amsar da Anders Ya So Baba Ya Ji

A gidanmu ni ce mai ajiye takardu. Akwai wani gwangwanin biskit a saman kabad ɗina, a ciki akwai takardar auren kakanninmu, da katin aikin Baba na mahaƙar ƙarfe, da hotunan da ba wanda ya san mutanen cikinsu sai ni. A can ƙasa kuma akwai wata takarda mai sa hannun mutum uku: ƙanena Anders Niemela, da Babanmu Curtis, da Malama Pavlovich, mai ba ɗalibai shawara a sakandaren garinmu. Labarin Anders nake son rubutawa, kuma ba yadda zan ba da shi ban bi ta kan takardar nan ba.

Shekara biyu na ba shi. Tun yana ɗan shekara tara ya ce shi gada zai riƙa ginawa. Akwai wani rafi tsakanin gidanmu da ɗakin sauna, inda muke wankan tururi duk Asabar, a kan katako guda mai santsi muke tsallaka shi. Ranar da Mama ta zame ta faɗa ruwa da tawul a kafaɗa, Anders ya shiga tarkacen Baba ya kwaso katakai da ƙusoshi. Sati uku yana ƙwanƙwasa. Da ya gama Baba ya hau tsakiya ya yi tsalle da duk nauyinsa, gadar ko motsi ba ta yi ba.

"To, Injiniya," in ji Baba, "saura ka gina wadda za ta riƙa kai uwarka coci a kan lokaci."

Daga ranar sunan ya bi shi.

Yana aji biyu a sakandare ya gano jami'ar da yake so, can gabas, tafiyar kwana biyu a mota. Sashen injiniyoyinsu cikin masu nema goma da ƙyar suke ɗaukar ɗaya. Ya yanko hoton ginin ya manna a jikin firij, kowa ya zo ɗaukar madara sai ya gaisa da shi.

A shekararsa ta kusa da ƙarshe aka gano ciwon daji a huhun Baba. Ni na gama makaranta ina tsayawa a kantin magani, Mama na aikin girki a gidan tsofaffi, ba wadda za ta iya barin aiki. Anders ne ya riƙa tuƙa Baba zuwa asibiti a Duluth, sau uku a mako, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Darussan lissafi da kimiyya kuwa bayan azahar ake yin su. Makinsa na wannan shekarar ya zube, bai taɓa cewa komai a kai ba.

Da aka shiga shekarar ƙarshe Kawu Rodney ya yi ritaya ya karɓi tuƙin, Anders ya koma karatu kamar mai jin yunwa. A watan Satumba Malama Pavlovich ta ce a turo wani daga gida, ni na je a madadin Mama.

"Ƙofar shiga jami'ar nan biyu ce, ka sani," ta ce wa Anders. "Ta farko ana rufe ta ran ɗaya ga Nuwamba, su ba ka amsa kafin Kirsimeti. Ta biyu sai Janairu, amsa a ƙarshen Maris. In ka bi ta farko, makin bara kaɗai za su gani, don na bana bai fito ba. Kuma in suka ce a'a, shi ke nan, ba sake nema a shekarar nan. Ka jira, ɗana. Bari su ga abin da kake yi yanzu."

"An ce masu nema da wuri sun fi samu, Malama."

"Masu nema da wuri da takarda mai kyau. Taka ta bara, ni da na san dalili ma sai da na cire tabarau."

Ya yi dariya, ya ce zai jira Janairu. A kan haka muka fito.

Tsakiyar Oktoba likita ya tsayar da ni da Mama a bakin ɗakin da Baba yake. Ya ce maganin ya daina aiki. Ya ce mai yiwuwa Baba ya ga Kirsimeti, amma shi ba ya sa ran zai ga narkewar ƙanƙara. A mota Mama ta ce kada a gaya wa Anders, a bar shi ya yi karatunsa. Na ce to.

Kwana huɗu na riƙe. Ranar Lahadi muna jera itacen hunturu a gefen gida, yana miƙo mini ina ɗorawa, sai ya ce, "Yaya, in amsar ta zo a Maris, Baba zan ba ya buɗe da kansa. Ina so in ga fuskarsa."

Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Na ce masa Baba ba zai kai Maris ba, likita ya faɗa. Ya tsaya da guntun itace a hannu, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo mini. Muka ci gaba har muka gama. Washegari ya je wurin Malama Pavlovich ya ce da wuri zai nema. Ta ƙi, ta yi faɗa, ta tambayi dalili. Da ya gaya mata, sai ta jawo takardar ta sa hannu.

Mai nema da wuri sai ya yi alkawarin in an ɗauke shi can zai je, ba wani wuri ba, kuma sai uba ko uwa sun sa hannu a kan alkawarin. Ranar Asabar ya kawo wa Baba takardar a ɗakin sauna. Lokacin Baba ba ya iya shiga tururi, amma bai yarda a hana shi zama a ɗakin waje ba, lulluɓe da bargo, da kofinsa a hannu.

"Wai gaggawar mece ce haka, Injiniya? Ko wata ce take jiranka a can ba mu sani ba?"

"Sun fi ɗaukar masu zuwa da wuri, Baba."

"Haka Malamar ta ce?"

"Ga sa hannunta nan."

Baba ya dubi takardar, ya dubi Anders, sannan ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na duƙa ina gyara butar da ba abin da ya same ta. Ya ce a ba shi biro. Ya sa hannu, wutsiyar sunan ta sauka ƙasan layi.

Amsar ta zo a tsakiyar Disamba, da la'asar, ƙanƙara na sauka. An riga an dawo da gadon Baba falo. Anders ya ɗora kwamfuta a kan ƙafafun Baba ya ce ya danna. Baba ya danna, ya ce ba ya ganin rubutun, a karanta masa. Anders ya karanta da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Sun gode, masu nema sun yi yawa bana, suna masa fatan alheri. Ba su ma ce za su sake dubawa a Maris ba.

"Mutanen nan ba su taɓa tsallaka rafinmu ba," in ji Baba.

Mama ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ba kwanon wankewa ko ɗaya.

A Janairu makin bana ya fito. Anders ne na ɗaya a lissafi, na biyu a kimiyya. Malama Pavlovich ta buga waya jami'ar har sau biyu, suka ce ƙa'ida ce, sai baɗi. Ta matsa masa ya nemi ta jiharmu, ya nema don kada ta ji haushi, suka ɗauke shi.

Baba kuwa ya ga Kirsimeti. Ya ga Janairu, ya ga Fabrairu. Ranar da amsar masu jiran Maris ta fito yana zaune a kan gadonsa yana shan romo, yana zagin 'yan wasan hoki a talabijin. Na dubi Anders, bai dube ni ba.

A Afrilu, da ƙanƙarar rafin ta narke, Baba ya ce a kai shi bakin gadar. Ni da Anders muka tura shi a keke muka lulluɓe shi. Ya daɗe yana kallon ruwa.

"Kirsten, ke kika gaya masa ko uwarku?"

"Ni ce, Baba."

"Na sani. Tun ranar da kika tsaya gyaran buta na sani." Ya yi tari, muka jira, sannan ya juya ga Anders. "Likita ya yi awo ya kuskure, kai kuma ka ɗauki awonsa ka yi gini a kai. Wane irin injiniya ne wannan?"

Anders ya yi murmushi, idonsa ya cika.

"To me ya sa ka sa hannu, Baba?" na tambaya.

"Don ni ma ina so in ji. Na san Malamar ta fi mu gaskiya. Da na ce a'a da ya jira. Amma na ce a raina, wa ya sani, ƙila su ɗauke shi in ji da kunnena." Ya kama hannun rigar Anders. "Laifin nawa ne, ba na 'yar'uwarka ba. Baɗi ka sake nema. A Janairu, ka ji? Ba a Nuwamba ba."

"Na ji, Baba."

Ya rasu ran tara ga Mayu.

Anders ya roƙi jami'ar jiha ta ajiye masa wurinsa shekara ɗaya, don ni na riga na bar gida, Mama kuwa ba ta iya kwana a gidan ita kaɗai. Ya kama aiki a garejin gunduma, inda ake gyaran motocin share ƙanƙara. Da Janairu ta zagayo na buga masa takardun jami'ar gabas na ajiye a kan tebur. Shekarar ƙanƙara ta yi yawa, motoci na ta karyewa, ya ce sai an samu sarari. Ranar rufewa ta wuce suna nan inda na ajiye su. Shekara ta gaba ban buga ba.

Yau shekara takwas. Garuruwa uku sun san shi, in injin wani ya ƙi tashi a sanyi shi ake kira. Har yanzu Injiniya ake ce masa, sababbin zuwa suna tsammanin don injuna ne. Sau biyu ya sauya katakan gadar. Hoton jami'ar ban san wanda ya cire shi daga firij ba, na tsince shi a aljihun teburin kicin na sa a gwangwani.

A kakar bara na same shi kwance ƙarƙashin motar Mama, ƙafafunsa kaɗai a waje. Na zauna a kan bokiti.

"Anders, da ban gaya maka ba fa?"

"Da na jira Janairu."

"Da sun ɗauke ka?"

"Wa ya sani, Yaya."

Ya ci gaba da aikinsa, ina jin ƙarar ƙarfe. Can ya ce, "Da na ji daga baya kun ɓoye mini, da ban yafe muku ba. Miƙo mini sifana, ƙaramar."

Na miƙa masa. Ba ita yake nufi ba, amma ya karɓa.