Inda Sandar Baffa Na'iya Ta Tsaya

Armaya'u taubashina ne, ubana wan uwarsa, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. A Kebbe aka haife shi, shi ne autan ɗakinsu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Hinde ce ta goya shi har ya shiga firamare. Da ya gama karatu ya samu aikin akawu a Tambuwal, ya yi aure, ya kama gida kusa da nawa a bayan kasuwa. Tun muna yara mutum ne mai ajiye-ajiye. Katin asibitin da aka ba shi ranar da kunama ta harbe shi yana nan a jakarsa har yau. In ka ba shi saƙon baki sai ya maimaita maka sau biyu, sannan ya tambayi kwanan wata. A ofis Malam Kwafi Uku ake ce masa, don ba ya yarda da takardar da ba ta da 'yan'uwa biyu.

Irin wannan mutum ne ya je ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo, mai babban akwati da allo daban. Ya kafa ta a ɗakin baƙi, ya yi mata lulluɓi da tsohon zanen matarsa. Ko ni ba na taɓa ta sai na wanke hannu.

Abin da ya jefa shi cikin ruɗani gona ce. Kakansu ya bar fadama a gefen Kebbe, aka raba wa 'ya'yansa, ba a rubuta komai ba. Tsakanin rabon uban Armaya'u da rabon uban Ɗanmaliki, wato ɗan baffansu, akwai wani ɗan yanki daga tsamiya zuwa giginya, inda ruwa ya fi kwanciya. Hinde ke noma shi shekara tara, tun da mijinta ya rasu, kuma shinkafar wurin ce ke riƙe da gidanta. Ɗanmaliki kuwa cewa yake na ubansa ne, aro aka bayar. Cikin waɗanda suka ga rabon da idonsu mutum ɗaya ya rage, Baffa Na'iya, kuma tsufa ya kama shi.

Sai Armaya'u ya aro kyamara wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki, ya bi Baffa suka zaga fadamar ƙafa da ƙafa. Su biyu kaɗai, don tsohon ya ce in aka taru hayaniya za a yi. Awa biyu da rabi suna tafiya, Armaya'u bai kashe kyamarar ba ko sau ɗaya, har lokacin da Baffa ya zauna hutawa yana korar ƙuda. Ya dawo ya juye a kwamfuta ya mayar da kayan aro, mai kyamara ya goge ya ɗauki bikin suna a kai. Bayan mako uku Baffa Na'iya ya rasu. Dangi suka tsayar da shawara: ranar sadakar arba'in za a kalli bidiyon a zauren marigayi, inda akwai talabijin da na'urar faifai, kuma abin da Baffa ya faɗa shi ne hukunci.

Ni kaɗai ya nuna wa. Can wajen awa ɗaya da kwata, Baffa ya ɗaga sanda ya nuna tsamiya ya ce, "Iyakar ubanku nan tat tsaya. Daga nan har giginya, na uban Ɗanmaliki na." Na dubi Armaya'u. Ya sunkuyar da kai yana gyara zanen kwamfuta da bai karkace ba. Tausayinsa ya kama ni, amma na tambaye shi ko ya gaya wa Hinde.

"Ba ni da hurumi," in ji shi. "Kowa shi ji ga bakin Baffa, rana guda."

Saura a zuba bidiyon a faifai, abin da masu sana'ar ke ce wa bonin. Wayoyin lokacin ba su ɗaukar abu mai nauyi haka, ƙaramin faifai ma bai ɗauka ba. Aka gaya masa akwai babba mai hawa biyu, wanda ke cin ninkin ƙarami. Ya ba direban bas ɗin Sakkwato saƙo aka kawo masa kwali guda. Na ce yau kuma faifai ne ya yi bene, mu muna gidan ƙasa. Bai yi dariya ba.

Ranar Asabar da hantsi ya yi bismilla ya sa na farko. Wani koren layi ya fara tafiya a allo, muna zaune muna kallonsa kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Ya kai hamsin cikin ɗari, ya tsaya. Na'urar ta yi ƙugi, ta yi shiru, ta turo faifan waje, wani rubutun Turanci ya fito yana ba da haƙuri. Armaya'u ya ɗauko biro ya kwafe rubutun tsaf a littafi, ya sa kwanan wata. Ya sa na biyu. Hamsin cikin ɗari.

Daga nan aka shiga neman mai laifi. Da farko ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, ya aro janareta, na uku ya tsaya a hamsin. Wani abokin aikinsa ya ce zafi ne, aka juya wa akwatin fanka, matarsa Zulaihat tana gumi a tsakar gida. Wani ya ce idon na'urar ne ya yi dauɗa, ya goge shi da auduga yana riƙe numfashi. Wani ya ce cuta ce ta shiga kwamfutar, aka yi mata wanki kwana guda. Ni na ce ya daina tsayawa a kanta yana zare ido, ko ni aka yi wa haka ba zan iya aiki ba. Abin dariya, ya gwada. Ya fita waje ya zauna a kan benci ya juya wa ɗakin baya, ya dawo ya tarar da hamsin tana jiransa.

Na bakwai ne ya rikita mu gaba ɗaya. Layin ya yi ɗan jinkiri a hamsin, ya wuce, ya kai ɗari. Muka yi hamdala, muka garzaya gidana muka sa a na'urata. Ga Baffa ras, yana tafe yana dogara sanda. Muka kalla har gindin tsamiya. Ya ɗaga sanda, ya buɗe baki, sai hoto ya daskare. Muka jira. Na bubbuga na'urar, na cire faifan na hura masa iska na goga a riga, muka sake tun daga farko. Nan dai ya sake tsayawa, sanda a sama, baki a buɗe.

Aka ba mu lambar wani mai gyaran kwamfuta a Sakkwato, Gazali. Armaya'u ya karanta masa duk abin da ya kwafe a littafi, layi layi, har mutumin ya gaji ya katse shi. Ya ce faifan shimfiɗa biyu gare shi, in an cika ta ƙasa sai na'ura ta hau ta sama, kuma wurin hawan nan ne tsohuwar na'ura da faifai mara kyau ke faɗuwa. Ya ce a rage saurin zubawa. In bai yi ba, a raba bidiyon biyu a sa a ƙananan faifai, shi ke nan.

"A yanka maganar Baffa?" in ji Armaya'u.

"Ba yankawa ba, Malam, rabawa."

"To ina za a raba?"

"Ga tsakiya mana."

Tsakiya kuwa ita ce gindin tsamiya. Na ce masa a raba kafin nan ko bayan nan, mene ne a ciki? Ya ce duk inda aka raba, wanda maganar ba ta yi wa daɗi ba zai ce an cire wani abu a tsakani, kuma ba shi da bakin musu, tun da ɗaya ɓangaren yayarsa ce. Shaida guda Baffa ya bayar, a guda za ta je. Haushi ya kama ni, na ce taurin kansa ya fi na akwatin. Amma da na kwanta a raina na san dangin nan, haka za su ce.

Ya rage sauri, na takwas da na tara suka tsaya. Ya matse bidiyon don ya shiga ƙaramin faifai, ya shiga, amma tsamiya da giginya suka koma dusu-dusu, fuskar Baffa kamar an shafa mata laka. Ya ce wannan ba shaida ba ce. Kafin nan labari ya kai Kebbe cewa faifai ya ƙi. Ɗanmaliki ya bugo waya yana cewa, "Mun ji injin naka ya san 'yan gida." Hinde kuma ta aiko a ce masa kada ya wahalar da kansa, in abu ya ƙi a bar shi.

Ana saura kwana biyu na same shi da la'asar zaune gaban kwamfuta, faifai goma sha ɗaya jere a tabarma, kowanne da lambarsa. Bai zubar da ko ɗaya ba, wai akwai rabin maganar mamaci a ciki.

"Taubashi," ya ce, "wani abu nika son in gaya maka. Duk sa'ad da layin ga yat tsaya, sai in ji sanyi ga raina. Daɗi nika ji. Sannan kunya ta kama ni. To yanzu ni ban sani ba, injin na ba shi so, ko ni na ba ni so?"

Na ce masa inji ba ya duba zuciya. Na faɗa da ƙarfi don ni ma in yarda.

"To mi yas sa koyaushe nan shika tsayawa?"

Na maimaita masa bayanin Gazali. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, sannan ya sake tambayata abin da ya tambaya.

Ranar arba'in da sassafe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya naɗe akwatin kwamfutar a bargo, allon kuma ya ba wani ɗan acaɓa. Ni na tuƙa babur, shi yana bayana rungume da akwatin a cinya. Damina ce, hanyar Kebbe ta ci ta lalace, duk ramin da muka faɗa sai ya ce innalillahi. Har yau ban san me yake roƙo a hanyar nan ba, kwamfutar ta isa lafiya ko ta mutu.

Ta isa lafiya. Bayan an yi addu'a an raba sadaka, aka tayar da janareta, maza suka cika zaure, mata suka tsaya daga bakin ƙofar ciki. Aka kalli Baffa yana tafiya, wasu na share hawaye. Ya zo gindin tsamiya ya ɗaga sanda, wannan karon ba abin da ya tsaya. Kowa ya ji. Ɗanmaliki ma bai yi murna a fili ba, ya dai ce Allah ya jiƙan Baffa. Aka bar bidiyon ya tafi har ƙarshe, awa ɗaya da kwata ba wanda ya yi tari.

Da aka watse muka shiga gaida Hinde. Tana zaune a kan kujerar tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta amsa gaisuwata da kyau, sannan ta ɗago.

"Armaya'u, tun yaushe kas sani?"

"Tun ran da munka ɗauka, Yaya."

"Kuma kab bar ni ina ta ciran haki ga wurin."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ɗan jima.

"An ce mani faifai goma sha ɗaya ka sa, duk sun ƙi."

"Haka na, Yaya."

"Sau goma sha ɗaya Allah na rufa mani asiri," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kai kuma kad ɗauko abin bisa cinyarka tun daga Tambuwal."

Ta kira 'yarta ta ce a zuba wa baƙi abinci kafin su kama hanya. Baƙi ta ce, kuma yana tsaye a gabanta ya ji.