Ansaldo Mai Balestra

Ansaldo maƙwabcinmu ne a bakin tashar jiragen ruwa ta Jenowa. Tun yana saurayi yake harbi da balestra, bakan nan da ake giciye shi a kan gungumen itace, a taka da ƙafa kafin a ɗana tsirkiya. Mutum ne mai raha a da. Yaƙin Faransa ne ya sauya shi.

Shi da ƙanensa Girardo suka tafi cikin maharban da Faransawa suka ɗauka haya. Ranar karo da Ingilawa sun wuni suna tafiya, ruwan sama ya jiƙa musu tsirkiya, manyan garkuwoyinsu kuwa suna can baya a amalanke. Suka roƙi a jira garkuwoyin. Aka ce su shiga haka.

Kiban Ingilawa suka sauko musu babu abin kariya. Da suka ja da baya, sai baraden Faransa suka kira su matsorata, suka bi ta kansu da dawakai. Girardo bai mutu da kibiyar abokin gaba ba, kofato ne ya fasa masa ƙirji. Ansaldo ya dawo gida da shanyayyen hannu.

Daga nan ya koma murza tsirkiya yana sayarwa, yana murzawa yana zagi. Wata rana limamin cocinmu ya tsaya a rumfarsa don ya ɗebe masa kewa, ya ce kalmar balestra daga Girkanci ta samo asali, ma'anarta jifa.

"To sun iya suna, Fada," in ji Ansaldo. "Mu aka jefa. Je ka tambayi Girkawan naka sunan wanda ke tattake sojansa."

Matarsa Adalasiya ta sha ba maƙwabta haƙuri, don ko ɗan kasuwa ya ji yana Faransanci sai ya tofar da yawu.

Bayan shekaru masu ɗaukar soja suka sake zuwa, ɗansa Oberto ya ce zai bi su. Ansaldo ya tare ƙofa, ya zage shi tas, ya rantse ba zai ƙara kiransa ɗa ba. Oberto ya ce yunwar gida ma kisa take yi.

Da Ansaldo ya ga yaron ba zai fasa ba, sai ya zauna ya murza masa tsirkiya biyu, ya shafe su da kakin zuma.

"Ɓoye su cikin hularka, sakarai. Kuma in aka ce ka shiga ba garkuwa, ka ce wa mai dokin ya wuce gaba."

Bai raka shi jirgi ba. Adalasiya ce ta je.