Ranar da Hajiya Ta Wuce Ni a Hanyar Dawaki

Ni ban yi boko ba. Na ɗan leƙa firamare, malamin ya ce kaina rariya ne, na ga gaskiyarsa na koma tasha. Duk da haka na shiga binciken jami'a, ko da yake irin shigar da akuya ke yi wa asibitin dabbobi ce.

Wata malama ce daga birni. Aikinta na shekara da shekaru shi ne gano yadda maza da mata ke hutawa, da yadda suke motsa jiki. Tun tana ɗaliba, lokacin ina tuƙin haya tsakanin Rano da Kano, ni nake kai ta Durba da sauran ƙauyukan Kibiya. Ta shiga gidaje ta zauna da mata, ni kuwa in shimfiɗa tabarma a inuwar mota. Wata rana na ce mata, "Malama, wai hutu ma sai an yi masa digiri?" Ta ce, "Baba, da ana bayarwa kai za a fara ba, tun safe ban ga ka juya ba."

Shekaru suka ja. Ta zama babbar malama, ni na ajiye tuƙi na tare a majalisar gindin darbejiya, muna dara daga hantsi har a kira azahar. Amma ba ta taɓa zuwa Rano ba ta biyo ta gaida maiɗakina Hajiya ba.

A wani zuwan ta tarar Hajiya ba lafiya. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta riƙa tafiya a ƙasa. Malama ta same ni a zaure ta ce abin da ta daɗe tana gani ke nan. Da, matan gari suna daka, suna niƙa, suna jan guga. Yanzu ga inji ga famfo, wahala ta ragu, amma babu abin da ya maye gurbinta sai zama. Tsakar gidan ma 'ya'ya sun cinye ta da ɗakuna, abin da ya rage bai fi akurki ba.

"Baba, ka bar ta ta riƙa fita da safe."

"Ni na hana ta? Amma a garin nan ƙafa ba ta fita sai da dalili. Ba biki, ba suna, ba ta'aziyya, a ce mata ina zuwa, ta ce ba ko'ina? Ai sai a fara yi mata addu'a."

"To ka raka ta mana."

Na amsa da sauri, don na sha ba majalisa labarin kokawar da na yi da ƙuruciya, har ni kaina na fara yarda da shi.

Gari na wayewa na sa babbar riga da hula, muka kama hanyar Dawaki. A wurinmu miji ba ya jerawa da matarsa, shi gaba ita baya, haka muka taso muka gani. Na shige gaba ina taƙama. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaya, "Malam, ina zuwa da sassafe haka?" In ce dubiya za mu. Gobe ma dubiya, jibi ma dubiya. Kafin wani lokaci babu ɗan'uwana na Dawaki da ban kwantar ba. Taubashina, wanda na fi ɗora wa ciwo, sai ga shi a kan babur har majalisa.

"Kai tsohon banza! Mutane sai sintiri suke gidana da lemo da kankana, wai ina gargara. Wa ya ce maka zan riga ka?"

Na ce, "Lemon ka mayar musu?"

Ya ce wannan ba ruwana.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce Hajiya ta fara samun ƙarfi, ni kuwa nawa ƙarewa yake. Sai in ji ƙarar silifas ɗinta a dugadugaina. "Malam, ɗaga ƙafa mana, zan taka maka riga." Na ƙirƙiro dabara. In numfashi ya ƙare sai in tsaya bakin gonar wani, in riƙe zangarniyar dawa ina jinjina kai kamar malamin gona. Ita kuma ta tsaya a bayana tana jira, don ba za ta wuce ni ba.

Ran nan na tsaya a gindin wata ɗorawa, ƙirjina na kaɗa ganga. Wani Bafulatani na tsaye can gefe da shanunsa, ga 'yan acaɓa na wucewa. Hajiya ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, wannan tsaye-tsayen ba ya yi min. Da na tsaya ƙafar sai ta yi nauyi. In ka gaji mu koma gida, a bar tafiyar nan."

Na dubi ƙafarta. Takalmin da ya ƙi shiga kwanaki, ga shi a ƙafar har da sarari. In muka koma gida girmana ya tsira, kumburin kuma ya dawo. Na dubi Bafulatanin, shi ma ni yake kallo, ya rataya sanda a kafaɗa.

Na ce, "Wuce."

"A gabanka, Malam?"

"Na ce ki wuce. Ai umarni ne."

Ta gyara mayafi, ta raɓe ta gefena kamar mai wuce makabarta, sannan ta miƙe hanya. Tun da aka kawo min ita ban taɓa ganin bayanta a kan titi ba. Ashe haka take da sauri. Bafulatanin ya ce, "Kar ka damu, Baba. Ko a garke tsohon sa baya yake bi."

Labari ya riga ni isa majalisa. Ina zuwa aka ce, "Ku matsa wa ɗan rakiyar Hajiya, kar ya faɗi a kan dara." Na ce su dai su yi ta kansu, ciki ya hana su ganin yatsun ƙafarsu.

Abin da ban zata ba, matan unguwa suka fara roƙon mazansu su bi Hajiya. Mazan suka ce ba laifi, tunda akwai dattijo yana biye da su. Da Malama ta dawo ta ga ayarin, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta daɗe tana neman hanyar da matan gari za su fita su taka, ba ta san tsoho mai haki ake buƙata ba.

Yanzu ko zazzaɓi nake ba a ɗaga min ƙafa, don in ban fita ba rabin matan ba za a bar su ba. Kafin in kai kwalbatin bakin gari sun je sun juyo. Su wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna "Sannu da ƙoƙari, Baba." Hajiya ce ta ƙarshe. Takan ce in juya hakanan, shayi na huce mata.