Ranar da Na Ɗinke Intanet

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ranar jarrabawar babbar 'yata ba za ta fita daga raina ba. A Dugabau muke. Ni tela ce, karatuna bai wuce firamare ba. Yarinyar ta nemi gurbin karatun jinya na kyauta, aka ce ta intanet za a yi jarrabawar da ƙarfe biyun rana, wanda ya makara ya rasa. Shekarar kuwa tsadar rayuwa ta matse kowa. In wannan dama ta kuɓuce, karatunta ya ƙare ke nan.

Intanet ɗin gidanmu abin dariya ne. Sabis ba ya kamawa sai a zaure, don haka can maigidan ya rataye rauta, ɗan akwatin nan mai ƙahonni. Daga nan aka ja kebul ta cikin bango, ya ratsa saman tsakar gida har zuwa tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin yarinyar. Da hantsi ta kunna, shiru.

Maigidan ya tafi fatauci kudu. Ta waya ya turo mana mai gyara daga Gwarzo, bai iso ba sai bayan sha biyu. Ya kashe rautar ya kunna, ya zare kebul ya mayar, sannan ya ɗaga murya daga zaure:

"Hajiya, akwatin lafiyarsa ƙalau. Fitilar kebul ce ba ta kamawa, ya tsinke a ciki. Sai na shigo."

Uwar mijina tana kan tabarma tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ɗana ba ya gari. Namiji ba zai taka mini tsakar gida ba."

"Iya, jarrabawa ce fa!" in ji yarinyar, idonta taf da hawaye.

Duk wanda ya san tsohuwar nan ya san an rufe magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye. Na zura hijabi na tsaya bayan labulen zaure.

"Malam, me za ka duba in ka shigo? Faɗa mini."

"Ki bi shi da hannu har ki ji inda ya lotsa."

Na ja benci na hau, ina shafa kebul taƙi bayan taƙi, rana tana dukana. A bakin rufin kwano na same shi, kwanon ya ci shi kusan rabi. Ni ce kuwa na mayar da shi igiyar shanya, jiya-jiya ma na ɗora masa jiƙaƙƙen bargo. Na ɗaga murya na ce wa mai gyara na samo wurin.

Sabon kebul sai Kano, lokaci kuma ba zai kai ba. Mai gyara ya ce in fere bayansa da reza a hankali. Da na buɗe, sai ga siraran wayoyi takwas an murɗe su bibbiyu, uku sun tsinke.

"Malam, ai wannan zare ne!"

"To kowace kala da 'yar'uwarta, Hajiya. Kada ki haɗa fari mai ratsin kore da fari mai ratsin ruwan lemo."

Dariya ta kusa kayar da ni daga benci. Ni da na yi shekara ashirin ina zaɓen zare za a koya wa kala? Ya turo salatif ta ƙarƙashin labule. Na fere, na murɗa, na naɗe kowace ita kaɗai. Biyu saura kwata na ji ihunsa:

"Fitilar ta kama! Wallahi ta kama!"

Daga ɗaki yarinyar ta amsa, "Umma, ya buɗe!"

Iya ta ci gaba da tsintar wakenta. "Da ma me namijin zai yi?"

Yarinyar ta ci jarrabawar. Yau ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk sanda na gan ta cikin fararen kaya sai in ji kaina ya kumbura, ba na ɓoyewa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, yawancin abubuwan da nake cewa sun fi ƙarfina, ban taɓa buɗe su na leƙa ba ne kawai.