Sakin Layin da Hajara Ta Ƙi Gogewa

Shekara goma sha tara Hajara Inuwa ta yi tana buga takardu a wata hukumar gwamnati a Kaduna. Kullum daga Hayin Banki take fitowa, ta hau bas a Kawo. Mace ce marar yawan magana, kuma ita ke rubuta bayanan taron ƙungiyar ma'aikatan hukumar, don babu mai saurin hannunta.

Shekarar da aka ta da maganar gyaran dokar ƙwadago, aka nemi ƙungiyoyi su kai ra'ayinsu a rubuce. Reshensu ya taru a rumfar ajiye motoci. Nan Ladidi mai shara ta leƙo, ta roƙi a bar ta ta yi magana. Ta ce shekara takwas tana wanke banɗakunan hukumar a ƙarƙashin wani kamfanin kwangila, amma an hana su shiga ƙungiya, kuma wata abokiyar aikinta da ta nemi safar hannu, washegari aka sallame ta. Kowa ya ɗaga hannu a kan a nemi doka ta ba 'yan kwangila wannan haƙƙi. Shugaban reshen, Kwamared Shu'aibu, har ƙirji ya buga.

Bayan kwana biyu ya tsaya a kan teburin Hajara yana sakace. Ya ɗora yatsa mai maiƙo a fuskar kwamfuta, ya ce ta goge sakin layi na huɗu, mai maganar 'yan kwangila.

"Ciyaman, mutum sittin ne suka ɗaga hannu a kansa," in ji ta.

"Malama Hajara, ai hannu ɗagawa ake a sauke."

Ta san dalili. Ita ta buga takardar kwangilar sharar, kuma kamfanin na ƙanin matarsa ne. Ta dubi tabon yatsan. Ta ce ba da hannunta ba. Bai ko yi fushi ba; ya kai aikin wani shagon buga takardu a bakin Babbar Kasuwa.

Hajara ta manna takardar asalin a allon sanarwa. Kafin azahar an yage ta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne abokan aiki, masu tsayar da ita a lungu su raɗa mata cewa ta yi daidai. Ranar taro na gaba ta miƙe ta faɗi abin da ya faru, kowannensu ya sunkuya yana latsa waya.

A nan ta ajiye littafin taron ta fita. Ƙarshen wata aka mai da ita ɗakin tsofaffin fayiloli. Ladidi kuwa ba a sabunta mata aiki ba, yanzu wankau take yi a gidajen mutane. Shu'aibu ya sake cin zaɓe babu hamayya.

Saura wa Hajara shekara uku ta yi ritaya. In sun haɗu da Shu'aibu a matakala takan amsa gaisuwarsa, ta raɓe jikin bango har ya wuce.