Ƙarangiya a Buzun Kaka

Ranar babbar sallar da ta wuce, ina saukowa daga benenmu a unguwar Rusaifa, nan Makka, sai warin ɗanyar fata ya tare ni a bakin ƙofa. An tara fatun layya a gefen titi, ana jiran motar da za ta kwashe. 'Yata ta toshe hanci, ni kuwa na tsaya cak. Da kai ne wari za ka ji, ni kakana na ji.

Kakan nan nawa, mahaifin babanmu, falke ne, fata ce hajarsa. Yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina da jakuna biyu da niyyar hajji, sai dai shi ba mai gaggawa ba ne. Ya sayi fatar kada a bakin tafkin Cadi, ya sayi ta damisa a hannun maharban Wadai, ya musanya su da gishiri da allurai a Darfur. Inda ayari ya ce hanya ta ƙare, nan yake tambayar abin da ke gaba. Ya shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin Bahaushe ba, ya yi ciniki da yatsu. Kafin ya ƙetare Bahar Maliya furfura ta fara fito masa. Kakarmu kan ce ba ta taɓa ganin alhajin da ya biya ta kasuwa haka ba.

Lokacin da na yi wayo idanunsa sun riga sun tafi. Muna zaune a tsohuwar unguwa kan dutse, gidan yana da rufin da ake hawa a sha iska. Bayan sallah maƙwabta su yi ta aiko masa da fatu, gida ya game da warin gishiri da bagaruwa, mahaifiyarmu tana mita tana turare. Ni ce 'yar gaban goshinsa, amarya yake ce mini irin na wasan kaka da jika. Sai ya shimfiɗa fata a cinya, ya bi ta da yatsu a hankali, ya ce wannan ragon Kurdufan ne, ga tabon ƙaya. Wannan daga Somaliya jirgin ruwa ya kawo shi. Wannan ɗan gata ne, a gida aka kiwata shi. Daga nan labarin ƙasar ya ɓalle: rijiyoyinta, tuwonta, halin mutanenta. Nakan rufe ido in shafa ni ma, ban taɓa jin komai ba sai maiƙo.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Buzun da mahaifinsa ya ba shi ranar tafiya, ruwa ya cinye shi a wani ƙetare. Tun daga nan yake son ya yi salla a kan fatar ragon garinsu, uda mai rabi baƙi rabi fari, kafin ta Allah ta kasance. Kowace shekara a yi wa alhazai sallahu, su zo da goro da kuka da daddawa, amma wa zai shiga jirgi da ɗanyar fata? Ga shi ƙarfinsa kullum raguwa yake.

Tausayi ya sa baffanmu ya yi dabara. Ya samo fatar wani rago mai baƙi da fari a mayanka, ya kawo yana ta murna.

"Baba, halas, shi ke nan, ga ta gida an kawo maka."

Kaka ya bi gefenta da yatsa, ya sunsuna, sai ya kwashe da dariya.

"Allah ya yi maka albarka, amma wannan gishiri aka yi mata. A garinmu kafe ta ake a ƙasa da tsinke, a barbaɗa mata toka. Ina hujin tsinken?"

Baffa ya sosa ƙeya, muka yi ta yi masa dariya. Amma da aka watse na ga Kaka shi kaɗai yana ta shafa fatar, kuma ranar na ji tsoron kada ya tafi bai samu ba.

Mai nema yana tare da samu. Wani ɗalibi ɗan arewa da ke zuwa gaishe shi ya tafi gida hutu, ya dawo da fatar uda a naɗe cikin buhu, busasshiya ƙamas. Mahaifiyarmu ta ɗauko sanda za ta kakkaɓe, Kaka ya daka mata tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya karɓa, yatsunsa suka bi gefe suka sami huji, suka sami na biyu. Ya cusa hannu cikin gashin, sai ya zabura ya janye, wani ɗan abu mai ƙaya ya maƙale masa a yatsa.

"Amarya, zo ki ga. Ƙarangiya ce."

Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Shi ya jeme ta da kansa, ya hana kowa tsefe gashin. A kanta ya yi ta sallolinsa har azumi biyu suka wuce, yana cewa yanzu ƙafarsa na gida, goshinsa na Makka, me kuma ya rage masa? A nan aka binne shi, bai taɓa komawa ba.

Yau unguwar tamu an rushe ta, manyan gine-gine sun hau wurin. Ba rufin da za a shanya fata, ba mai aiko wa maƙwabci da ita, 'ya'yana kuwa Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Ba na kuka da wannan, muna cikin rufin asiri. Buzun yana wurina, gashinsa ya zube rabi. Da muka koma sama ranar sallar nan na ɗauko shi na shimfiɗa, 'yata ta taka da ƙafa ba takalmi, sai ta yi tsalle tana riƙe da diddige.

"Ya ummi, esh hada?" ta ce da Larabci, wai mama, mene ne wannan.

Na durƙusa na cire mata, ƙanƙanuwa, ta bushe amma bakinta na nan. Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Na ɗora mata a tafin hannu na ce, "Ƙarangiya sunanta. Ta garinku ce."