Zuwa Kalmalo da Fuskar Nasiru a Aljihu

Sakkwato zuwa Illela

Da sunan Allah na fita. Ranar Asabar ce, ina idar da sallar asuba na saɓa jakata na nufi tashar Illela, gari bai gama wayewa ba. A aljihuna akwai babbar waya mai shafawa wadda ɗana ya ara mini, ya kuma koya mini inda ake taɓawa, domin ni karatuna na ajami ne, boko sai a hankali.

Dalilin tafiyar shi ne yayata Hajo, wadda ke takaba a wani ƙauye bayan Kalmalo. Mijinta ya rasu, a makon nan kuma ɗanta na fari, Nasiru, ya yi haɗari da motar albasa a hanyar Fatakwal, yana kwance a asibiti da karaya a cinya. Da bai zo ta'aziyya ba, sai ta sa a ranta shi ma ya rasu, ɓoye mata ake yi. An kai mata muryarsa da aka naɗa, ta ce murya ai ana ajiye ta ko bayan mai ita. Daga nan ta bar cin abinci. Shawarar dangi ita ce in je in nuna mata shi ido da ido a waya.

Ƙaramar mota muka shiga, mu huɗu a baya. Mun wuce Kware rana na fitowa, muka tsaya shinge biyu kafin Gwadabawa. Direba ya ga ina yawan dafa aljihu, ya ce, "Malam, mi ka ɗauko haka? Sefa?"

Na ce, "Mutum na ɗauko."

Ya ce, "To sai ka biya kuɗin kujera biyu."

Illela

Da hantsi muka sauka. Na sha shayi da burodi a bakin tasha, sannan na nemi shagon Lawali mai gyaran waya, wanda ɗana ya kwatanta mini. Na tarar da mutanen ƙauyukan Garu da Tozai a zaune kan benci, kowa da wayoyi uku ko huɗu na maƙwabta, an aiko su caji da duba saƙo. Ina zaune wayata ta yi ƙara, wani rubutu ya fito. Lawali ya duba ya yi dariya.

"Faransanci na, Malam. Suna yi maka barka da zuwa Nijar."

"Ni da ban tashi daga bencinka ba?"

"Kai ba ka tashi ba, wayarka ta ƙetara. Nan haka muke, wuni guda sai ta je Ƙonni ta dawo sau biyar."

Na gaya masa buƙatata. Ya san ƙauyen. Ya ce sabis ba ya sauka cikin gidaje, sai kan wani tudu a bayan gari. Na ce mai takaba ba ta zuwa tudu. Sai ya ɗauko wata ƴar na'ura kamar sabulun wanka, ya sa mata layi. Ya ce ita za ta kamo sabis daga sama ta miƙo wa waya a ƙasa. "Awa tsuntsu take, Malam. In ka aje ta ƙasa ba ta kuka."

Illela zuwa ƙauye

Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni. Muka bar kwalta, muka bi ta gefen tafkin Kalmalo inda masunta ke shanya koma, muka shiga yashi har sau biyu na sauka na taka. Kafin mu shiga gari na ga tudun da aka faɗa. Mutane kusan goma ne a kai, kowa ya ɗaga hannu sama da waya, wani dattijo na ta tambayar ko ana jin sa, yana faɗin, "Kana jiya ta? Kana jiya ta?" Ɗan kabu-kabu ya ce duk wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa a nesa, a nan yake ji.

Na iske Yaya Hajo a ƙofar ɗakinta kan tabarma, carbi a hannu, ta zube sosai. Muka gaisa, na yi wa mamaci addu'a. Ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, har jikokina. Nasiru kuwa ba ta ambace shi ba. Ɗan fari ne, tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma haɗa ido da shi.

Bayan azahar maƙwabcinsu Mamman, masunci, ya sa na'urar a ƴar jaka, ya hau dogonyaron tsakar gida ya ɗaure ta a reshe na ƙoli. Kira na farko da na biyu suka tsinke. Ya ƙara mata doguwar gora. Sai bayan la'asar fuskar Nasiru ta fito, yana kan gadon asibiti.

"Kawu! Ina Inna?"

Na miƙa mata wayar. Ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi.

Nasiru ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyyar mahaifinsa. Ita kuwa ni ta yi wa magana.

"Malam, wagga ma naɗawa anka yi?"

"Yaya, yanzu yake magana. Dubi ki gani."

"Yana kallo na?"

"Yana kallo."

"To ba ni dubawa."

Mu duka da muka yi shawarar nan a Sakkwato mun yi tunanin sabis da caji, babu wanda ya tuna da kunyar ɗan fari. Mamman kuma daga kan itace yana cewa iska na kaɗa gorar, mu yi sauri.

Na duba wayar. A samanta akwai ɗan ido baƙi, wanda ɗana ya ce ta nan ake ganin mutum. Na ɗora babban yatsana a kai.

"Nasiru, mi kake gani?"

"Duhu, Kawu. Ta ɗauke ne?"

"Ba ta ɗauke ba. Ci gaba da magana." Na ce da ita, "Yaya, na rufe masa ido. Ke kaɗai ke gani."

Sai ta juyo a hankali, ta matso da fuskarta har numfashinta na taɓa hannuna. Nasiru na ta ba duhu labarin ƙafarsa da abincin asibiti. Ta ce, "Ce ma wancan shi ɗaga hannun hagu." Ya ji da kansa, ya ɗaga. Tabon lauje na nan a tsintsiyar hannun tun yarinta. Ta ci gaba da kallo har yatsana ya gaji na canza wani. Daga nan hoton ya tsaya cak, ya ɗauke.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Ya rame. Ba su ba shi hura can?" Sai ta kira matar Mamman ta ce a dama, ita ma za ta sha.

Komawa gida

Na kwana a zaure. Da safe na bar na'urar a kan dogonyaro, na bar wa Mamman amanarta, shi ma yana da waya mai hoto. Kafin in fita sai ga mata uku masu ƴaƴa a Kudu sun aiko tambaya ko za su iya zuwa ƙarƙashin itacen. Yaya Hajo ta ce su zo, amma a koya wa Mamman inda ake sa yatsa.

Lahadi ce, kasuwar Illela ta cika, mota ba ta yi wuya ba. Na yi sallama da Lawali, muka taso bayan azahar, na yi la'asar a masallacin unguwarmu. Allah Ya saka wa Lawali da Mamman da alheri, Ya jiƙan mijin yayata, Ya tashi kafaɗun Nasiru. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya.